Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da Ke Sa Ganyen Shukar Gida Ya Canza Launi

Gabatarwa

Ni Bayarabe ne, ɗalibi a aji uku na sashen Hausa, kuma kafin bara ban taɓa shuka ko da ƙwayar wake ba. Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne wata 'yar rama da na shuka a bokiti shida a bayan ɗakin da nake haya. Ramar nan ta kusa mutuwa a hannuna, ta kuma kusa sa a kore ni daga gidan. A cikin wannan rubutu zan bayyana wa mai karatu dalilan da kan sa ganyen shukar gida ya yi rawaya ko ya ƙone, da rawar da ruwan ban-ruwa ke takawa a cikin al'amarin, da kuma abin da ya kamata mutum ya yi kafin ya ruga sayen taki.

Yadda Abin Ya Faro

Lokacin da muka je Arewa zaman ƙwarewa a harshe, a gidan da aka sauke ni na fara cin kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Da na dawo Kudu sai kwaɗayinsa ya biyo ni. Akwai wani dattijo mai sayar da kayan miya a unguwar Sabo, wanda nakan je wurinsa hira don in gyara bakina. Shi ya ba ni irin rama a ƙulle cikin takarda, ya ce, "Ɗan makaranta, rama ba ta da wuya, ko yaro ya watsa ta za ta fito."

A ƙarshen damina na samo tsofaffin bokitan fenti guda shida, na cika su da ƙasar da na ɗebo kusa da wani gini da ake yi a layinmu, na shuka. Cikin 'yan kwanaki ta tsiro. Makonni uku na farko ganyen ya yi kore shar, domin ina ba ta ruwan saman da na tara a duro. Da ruwan duron ya ƙare sai na koma ruwan rijiyar gidan. Ranar da jan guga ya gundure ni kuwa, sai in juye mata ruwan da na gama wanki da shi, ina ganin ai ruwa duk ruwa ne.

Ba a yi mako biyu ba sababbin ganyen da ke fitowa a sama suka fara kodewa. Suka koma ruwan ɗorawa, amma jijiyoyinsu na nan kore kamar an zana su da biro. Na ce lallai yunwa ce. Na sayo takin yuriya, na zuba wa kowane bokiti cikin tafi. Bayan kwana uku bakin ganyen ya ƙone, bokiti biyu suka bushe ƙurmus. Garin neman gira na rasa ido.

Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Ana cikin haka sai wata sabuwa ta ɓullo. Ganyen rama na farko-farko faffaɗa ne, bai rabu ba. Amma idan ta yi tsawo, wani irin nata yakan fitar da ganye mai yatsu uku zuwa bakwai masu tsini. Wata safiya mai gidanmu ya zagaya baya, ya ga ganye mai yatsu a cikin bokiti a ɓoye bayan ɗakin ɗalibi. Ya kira ni, ransa a ɓace, ya ce tabar wiwi na shuka masa a gida, in kwashe kayana kafin ƙarshen mako, in ba haka ba zai kira hukuma. Na durƙusa na ce, "Baba, wallahi ganyen ci ne." Ya ce duk wanda aka kama haka yake faɗa.

Ban ga laifinsa ba. Tun a shekarar 1759 masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa rama suna Hibiscus cannabinus a Latin, kuma kalma ta biyu tana nufin mai kama da wiwi. Sannan doka ba ta wasa da wannan batu. A shekarar 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka wiwi. An cire hukuncin kisan a 1975, amma shuka ta har yau babban laifi ne a Nijeriya, kuma tun 1989 akwai hukumar NDLEA da aka ɗora wa yaƙi da ita. Da na shiga intanet neman hoton ganye mai irin ciwon nawa, yawancin abin da na tarar rubutun masu shuka wiwi a gida ne daga ƙasashen da suka halatta hakan, irin su Kanada tun 2018 da Jamus tun 2024. Ina jan kunnen 'yan'uwana ɗalibai: wannan dokar ƙasarsu ce, ba ta tsallako ta zo nan ba.

Bambanta su ba wuya ga wanda ya lura. Yatsun ganyen wiwi kowanne a ware yake har gindinsa. Na rama kuwa a haɗe suke daga ƙasa, kamar tafin hannu da yatsunsa. Karan rama yana da 'yan ƙananan ƙayoyi masu ƙaiƙayi, ganyenta da tsami, ba ta kuma da wannan warin na wiwi. Babbar shaida ita ce fure. Rama 'yar dangin kuɓewa ce da yakuwa da auduga, saboda haka furenta babba ne, fari-fari mai ratsin rawaya, da ja mai duhu a tsakiya.

Na roƙi dattijon nan na Sabo ya zo ya yi mini shaida. Ya zo, ya tsinki ganye ya tauna a gaban mai gida, ya miƙa masa ɗaya. Mai gida ya ji tsami, ya ce wannan ai ɗan'uwan ganyen da mu Yarabawa muke kira isapa ne, wato yakuwa. Magana ta mutu. Amma kafin dattijon ya tafi sai ya duƙa ya dubi bokitan, ya kankare wani farin ɓawo da ya taru a saman ƙasar, ya ce, "Ɗan makaranta, wane ruwa kake ba ta?" Da na gaya masa sai ya girgiza kai ya ce, "Ba yunwa take ji ba. Kanwa ka cika mata."

Tsami da Kanwa

Wannan magana ta dattijo ita ce mabuɗin al'amarin, kuma wani abokina da ke tsangayar aikin gona ya tabbatar mini da ita ta hanyar kimiyya. Duk matar da ta taɓa yin miyar yakuwa ta san cewa in tsami ya yi yawa, 'yar kanwa ake jefawa ta kashe shi. To, haka ruwa da ƙasa suke: wani yana karkata wajen tsami, wani wajen kanwa. Masana suna auna wannan da ma'aunin da ake kira pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya fito da shi a 1909. Ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya yi ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, abin da ya haura yana ɓangaren kanwa. Kowace lamba ɗaya ninki goma ce, wato ruwa mai lamba 9 ya ninka mai lamba 8 sau goma wajen ƙarfin kanwa.

Yawancin kayan lambu sun fi jin daɗin ƙasa mai lamba 6 zuwa 7. Dalili kuwa shi ne, saiwa ba ta tauna abinci, sha take yi. Sai abin da ya narke a ruwa take iya zuƙa. Idan ƙasa ta karkata wajen kanwa, sinadarin ƙarfe da ke cikinta ba ya narkewa, sai ya daskare. Abin mamaki a nan shi ne, jar ƙasarmu ta Kudu cike take da ƙarfe, hasali ma shi ya ba ta wannan ja. Amma shuka tana iya zama a kanta tana fama da rashinsa, kamar mai yunwa a gindin rumbun da aka kulle. Shuka kuwa tana buƙatar ƙarfe wajen haɗa sinadarin kulorofil, wanda shi ne koren ganye, kuma da shi take sarrafa hasken rana ya zama abinci. In babu shi, ganye ya kode.

Ni abubuwa uku na haɗa wa ramata ba tare da na sani ba. Ƙasar da na ɗebo a gefen gini tana da garin siminti, siminti kuwa daga dutsen farar ƙasa ake yin sa, kuma yana ɓangaren kanwa. Ruwan rijiyarmu irin wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa ne. Ruwan wanki kuma, wanda ya fi su duka, yakan kai lamba 9 ko 10. Ruwan saman da na fara da shi yana wajen 5.6, shi ya sa ta yi kyau a farko.

Ire-iren Ruwa da Halinsu

Ruwan sama shi ne gaba, domin ba shi da gishiri. Wanda zai iya tara shi a duro mai murfi ya yi. Murfin dole ne saboda sauro.

Ruwan rijiya da na burtsatse halinsa ya danganta da dutsen da ya ratso. Inda ƙasa ke da farar ƙasa, kamar yankin Ewekoro a Jihar Ogun inda ake haƙar ta don yin siminti, ruwan yakan ɗauko sinadaran kalsiyam da maganiziyam. Alamarsa ita ce sabulu ya ƙi kumfa, kuma farin ɓawo ya taru a gindin tukunyar da ake tafasa ruwa. Ba guba ba ne, amma a cikin bokiti yana tura ƙasa wajen kanwa a hankali.

Akwai ruwan zartsi, wato mai gishiri-gishiri, irin wanda ake samu a wasu rijiyoyin bakin teku a Legas, ko a yankin Okposi da Uburu na Jihar Ebonyi inda tafkunan gishiri suke. Gishiri yana hana saiwa zuƙar ruwa. A ɗabi'a ruwa yana tafiya ne daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. In ƙasa ta fi saiwa gishiri, sai shuka ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take. Takin zamani ma haka yake yi in ya yi yawa. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, cikin tafi a bokiti guda kuwa ya wuce kima nesa. Abin da ya kashe mini bokiti biyu ke nan.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. Yawanci bai kai ya cutar da shuka ba, amma in ana jin warinsa sosai, a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana kafin a yi amfani da shi.

Ruwan wanki da garin sabulu yana da sinadarin sodiyam mai yawa, wanda ke ƙona saiwa, yana kuma sa ƙasa ta dunƙule ta daina shan ruwa. Wanda aka sa wa bilic ya fi muni. Ruwan ɗauraye shinkafa ko kayan miya ba shi da laifi. Ruwan kwata kuwa a nisance shi, ko don lafiyar mai cin ganyen.

Gonar fili takan jure wasu daga cikin waɗannan, domin damina tana wanke gishiri zuwa ƙasa. Bokiti ba shi da wannan gata. Rana ta ɗauke ruwa, gishirin ya zauna, gobe a ƙara wani. Farin ɓawon da dattijo ya kankare shi ne abin da ya taru.

Yadda Ake Karanta Ganye

Rawayar ganye alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma cututtuka da yawa ke kawo ta. Tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: daga ina ta fara, daga tsofaffin ganyen ƙasa ko daga sababbin na sama? Hikimar wannan tambaya ita ce, akwai sinadaran da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan sun yi ƙaranci, akwai kuma waɗanda in sun shiga ganye sun zauna ke nan.

Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, har da jijiyoyinsu, shukar kuma ta tsumbure, to ƙarancin naitirojin ne. A nan ne kawai yuriya ko kashin kaji ruɓaɓɓe zai yi amfani, shi ma kaɗan.

Idan tsofaffin ganye ne, amma tsakanin jijiyoyi ya yi rawaya su jijiyoyin suna kore, ana zargin ƙarancin maganiziyam.

Idan gefen tsofaffin ganye ne ya yi rawaya sannan ya bushe kamar an bi shi da wuta, ana zargin ƙarancin fotashiyam.

Idan ganye ya yi kore mai duhu, bayansa ya ɗauki launin shunayya, shukar ta ƙi girma, ana zargin ƙarancin fosfaras. Sai dai a lura, akwai rama da yakuwa masu jan kara da jan jijiya tun asali, wannan halittarsu ce.

Idan sababbin ganyen sama ne suka kode, jijiyoyinsu na kore, to ƙarfe ne ya gagara shiga, kuma galibi laifin ruwa ne ko ƙasa. Wannan shi ne ciwon ramata. Da na san wannan ƙa'ida, da ban taɓa yuriya ba.

Idan tsinin ganye ya ƙone a ko'ina, sama da ƙasa, ga kuma farin ɓawo a kan ƙasa, gishiri ne ko taki ya yi yawa.

Idan ganye ya yi rawaya ya kuma langaɓe alhali ƙasa a jiƙe take sharkaf, ruwa ne ya yi yawa. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya kwanta ya toshe mata iska sai ta ruɓe, ta koma baƙa mai wari, maimakon fara mai ƙarfi. Mai gona ya ga yaushi ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Idan kuwa rawayar ta zo dabbare-dabbare, ganyen yana nannaɗewa, a juya bayansa a duba. Farin ƙuda da ɗarɓa suna tsotse ganye, suna kuma yaɗa cutar da ba ta da alaƙa da ruwa ko taki. Sannan ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa su yi rawaya su faɗi a jikin shuka mai lafiya, wannan tsufa ne kawai.

Gwajin da Ɗalibi Zai Iya Yi

Wanda ke da aboki a sashen kimiyya ya roƙi 'yar takardar gwajin pH, ana tsoma ta a ruwa ta canza launi. Wanda ba shi da shi, ga dabaru uku. Na farko, a zuba ruwan rijiya a kwalba da ɗan sabulun wanka a girgiza, a yi haka da ruwan sama, a gwada kumfarsu. Na biyu, a ɗebi busasshiyar ƙasa a matsa mata lemun tsami. In ta yi 'yan kumfa tana tsuwa, akwai farar ƙasa ko siminti a ciki. Na uku, a jiƙa zoɓo kaɗan a ɗiga a cikin ruwan da ake zargi. Jan zoɓo yakan juya ya yi duhu ya koma kore-kore in ya gamu da kanwa mai ƙarfi. Na gwada da ruwan wankina, nan take ya juya. Amma zoɓo shi kansa mai tsami ne sosai, don haka ƙaramin bambanci ba zai nuna ba.

Yadda Na Ceto Sauran

Da farko na ƙara huda gindin bokitan, domin huda ɗaya tak na yi wa kowanne a da. Na ɗora su a kan duwatsu don ruwa ya sami hanyar fita. Na kankare farin ɓawon na zubar. Na roƙi ruwan sama daga tankin maƙwabta, na kwarara wa kowane bokiti har ruwa ya riƙa zuba ta ƙasa sosai, na bari ya tsane, na sake. Wannan shi ne wankin ƙasa. Na kwashe ƙasar sama na mayar da baƙar ƙasa daga gindin bishiya, haɗe da ruɓaɓɓen takin dabbobi, wanda ke sassauta kanwa a hankali. Ruwan wanki na bar shi har abada. Wani ya ba ni shawarar in zuba toka, na ƙi, domin toka ma ɓangaren kanwa take. Tana da amfani a ƙasa mai tsami, amma a tawa ƙarin ciwo ce. Ban-ruwa kuma sai na tura yatsa cikin ƙasa na ji ta bushe zuwa gaɓa ta biyu, kuma da safe nake yi.

Abu biyu na koya a nan. Kada a canza abubuwa da yawa a rana ɗaya in ana son a gane wanda ya yi aiki. Ni tsoro ya sa na haɗa su duka, kuma har yau ba zan iya cewa ga wanda ya fi taimakawa ba. Sannan a sa ido a kan sabon toho, domin ganyen da ya riga ya ƙone ba ya dawowa. Bayan kamar kwana goma sababbin ganye suka fito kore. Bokiti huɗun nan suka rayu, har suka yi fure. Furen farko na tsinka na kai wa mai gida.

Kammalawa

A taƙaice, duk wanda ya ga ganyen shukarsa ya canza launi, ko rama ce ko tumatir ko barkono ko alayyafo, ya fara tambayar kansa abu uku: wane ruwa nake ba ta, ruwan yana fita ta ƙasa, kuma daga wane ganye rawayar ta fara? Bayan ya amsa waɗannan ne zai san ko taki ake buƙata. Wanda kuma zai shuka rama a gidan haya a nan Kudu, ya fara nuna wa mai gida irin, ya gaya masa sunanta tun kafin ganye ya yi yatsu.

Ramar da ta rage ta ishe ni kwaɗo sau uku. Na farko na raba shi da mai gida, ya ce ƙuli-ƙulin ya yi kaɗan. Na biyu na kai wa dattijo a Sabo, ya ci ya ce saura in koyi tsane ruwan tsamin sosai kafin in kwaɗa. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.